Wariyar da ba a rubuta ba: likitoci baƙi da 'ya'yan baƙi a asibitocin Birtaniya

A watan Disamba na shekarar 1986, wasu malamai biyu na makarantar koyon aikin likita ta St George's da ke birnin Landan, Dokta Aggrey Burke da Dokta Joe Collier, suka kai ƙorafi gaban hukumar yaƙi da wariyar launin fata ta Birtaniya. Sun gano cewa manhajar kwamfutar da makarantar take tace takardun masu neman gurbin karatu da ita tana rage wa mutum daraja a lissafinta idan alamu sun nuna shi ba Bature ba ne, tana kuma rage wa mace saboda kasancewarta mace kawai. Takardar neman gurbin ba ta tambayar launin fata, saboda haka daga sunan mahaifi da garin haihuwa ake cankar ko wane ne mai nema. Rahoton hukumar, wanda ya fito a 1988, ya ƙiyasta cewa a cikin masu nema kimanin 2,000 a kowace shekara, har mutum 60 na iya rasa damar a kira su ganawa ta wannan hanya, ba tare da sun taɓa sanin dalili ba.

Wanda ya tsara manhajar babban malami ne a makarantar, kuma burinsa shi ne ya rage wa abokan aikinsa wahalar karanta dubban takardu. Ya yi nazarin yadda suke yanke hukunci shekara da shekaru, ya yi ta gyara lissafinsa har sai da zaɓin na'urar ya dace da nasu da kashi 90 zuwa 95 cikin 100. Wato abin da aka kama a cikin kwamfutar halin malaman ne da kansu, wanda suka daɗe suna aikatawa ba tare da wani ya iya nuna shi da yatsa ba, sai da aka mayar da shi lambobi aka adana. Abin da ya fi ɗaure kai ma shi ne, a lokacin St George's ta fi yawancin takwarorinta na Landan ɗaukar ɗaliban da ba fararen fata ba. Sauran makarantun ba su da manhajar da za a buɗe a duba, don haka ba a kama kowa a cikinsu ba.

Ra'ayina game da wariya a aikin likita a Birtaniya ya ginu ne a kan wannan. Dokar ƙasar ta haramta bambancin launin fata a wajen ɗaukar aiki tun a shekarun 1960 da 1970, kuma da wuya yau ka sami shugaban asibitin da zai furta cewa ba ya son baƙar fata. Amma duk inda aka bar wa mutum ɗaya ko kwamiti damar ya zaɓa bisa abin da ya kwanta masa a rai, ba tare da ya rubuta hujja ba, kuma ba tare da wani ya zo daga baya ya ƙirga sakamakon ba, a nan bambancin yake samun mafaka. Wa za a kira ganawa, wa za a ja gefe a yi wa nasiha idan ya yi kuskure, wa za a kai ƙara, wa za a raɗa wa cewa gurbi zai buɗe nan da wata uku ya shirya: waɗannan ƙananan hukunce-hukunce ne suke tara wa wani likita matsayi, su bar wani a inda ya fara.

A 1993 wasu likitoci biyu, Aneez Esmail da Sam Everington, sun gwada wannan a aikace. Sun shirya takardun neman aiki bibbiyu masu nauyi ɗaya a karatu da ƙwarewa, ɗaya da sunan Bature ɗan Ingila, ɗaya da sunan ɗan asalin Asiya, suka aika wa asibitocin da suka tallata guraben ƙananan likitoci. Masu sunayen Turawa sun ninka sauran wajen samun kiran ganawa. Ladan da masu binciken suka fara samu shi ne 'yan sanda suka kama su bisa zargin zamba, saboda sun nemi aiki da sunayen da babu masu su, ko da yake ba a kai ga gurfanar da su ba. Sun maimaita gwajin a 1997, tazarar tana nan. Bayan shekaru an mayar da neman guraben horon ƙwarewa tsari ɗaya na ƙasa baki ɗaya, mai ma'aunin maki a rubuce, kuma wannan ci gaba ne na gaske da bai kamata a raina ba. Sai dai ya toshe ƙofa ɗaya ne a gida mai ƙofofi da yawa.

Dangantakar Birtaniya da likitan da ba Bature ba tsohuwa ce, kuma mu 'yan Afirka ta Yamma muna cikin farkon labarin. A ƙarshen ƙarni na 19 akwai 'yan Afirka da suka yi karatun likita a jami'o'in Birtaniya suka dawo suka riƙe manyan muƙamai. Dokta John Farrell Easmon, ɗan Saliyo, ya zama shugaban likitocin gwamnati na ƙasar da ake kira Gana a yau a 1893. A 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnatin mulkin mallaka na Afirka ta Yamma, aka kuma shar'anta cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga. Ɗan ƙasa, ko da takardar shaidarsa daga jami'a ɗaya ta fito da ta Baturen, sai aka ware masa wani mataki na ƙasa da albashi na ƙasa. Makarantar likitanci ta Yaba da aka buɗe a Legas a 1930 ma mataimakan likita aka tsara ta yaye, da shaidar da ba a karɓarta a wajen ƙasar. A wancan zamani a rubuce wariyar take, kowa na iya karantawa.

Da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a 1948, ba a daɗe ba aka ga cewa likitocin gida ba za su isa ba, sai aka juya ga Indiya da Pakistan da sauran ƙasashen da aka mulka. Sun zo da yawa a shekarun 1960 da 1970, kuma tarihin inda suka ƙare sananne ne: fannin kula da tsofaffi, fannin taɓin hankali, da ɗakunan shan magani na garuruwan masu haƙar kwal a Wales da unguwannin talakawa na arewacin Ingila, wato wuraren da 'yan gida ba sa rububi. Manyan asibitocin koyarwa na Landan da fannonin tiyata masu daraja kuwa sun kasance na wasu. A 2006, da aka ga makarantun gida sun ƙara yawan waɗanda suke yayewa, gwamnati ta soke tsarin bizar da ke ba likitocin waje damar yin horo, cikin sanarwar makonni kaɗan, dubban mutanen da suka sayar da abin hannunsu suka ci jarrabawa suka wayi gari babu makoma. Ƙungiyar likitoci 'yan asalin Indiya, BAPIO, ta kai ƙara, kuma a 2008 kotun ƙoli ta lokacin, wadda ke cikin Majalisar Dattawa, ta ce umarnin da ma'aikatar lafiya ta bayar na a mayar da su baya a layi ya saɓa wa doka. Wannan shi ne cin moriyar ganga a ya da kwaurenta, kuma ba sau ɗaya aka yi ba.

Yau fiye da rabin sababbin likitocin da suke shiga rajistar majalisar kula da aikin likita ta Birtaniya, GMC, a kowace shekara a wata ƙasa suka yi karatu. Bayan Indiya da Pakistan, Najeriya ce ta fi ba da gudummawa, da likitoci sama da 10,000. A cikinsu akwai waɗanda aka yaye a Zariya da Kano da Maiduguri da Sakkwato, waɗanda suka ci jarrabawar Turanci duk da cewa da Turancin aka koyar da su tun daga firamare, suka ci kashin farko na PLAB, jarrabawar da GMC ke yi wa likitocin waje kafin ta ba su rajista, suka nemi biza suka tafi Manchester don kashi na biyu, kowane mataki da kuɗinsa. Shi ya sa nake ganin wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin ƙannenmu da 'ya'yanmu ne a cikin layin.

Batun jarrabawa shi ne inda muhawara ta fi zafi, kuma inda ya kamata mutum ya yi adalci ga ɓangarorin biyu. A 2013 Farfesa Esmail ɗin nan da abokin aikinsa Chris Roberts suka binciki jarrabawar ƙarshe ta zama likitan iyali, wadda a lokacin ake yin ta da 'yan wasan kwaikwayo a matsayin marasa lafiya: ɗalibi zai ga mutum 13, kowanne minti 10, mai jarrabawa na zaune yana ba da maki. Sun gano cewa haɗarin faɗuwa a zaman farko ga likitocin waje waɗanda ba fararen fata ba ya kusan ninka na Turawan da suka yi karatu a gida sau 15. Mai kare tsarin zai ce wannan ba abin mamaki ba ne, domin wanda ya tashi a Kaduna ko Karachi bai san yadda tsohuwa 'yar Yorkshire take kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ke damunta ba, kuma sanin hakan wani ɓangare ne na aikin. Na yarda da wannan har zuwa wani matsayi. Amma binciken ya kuma nuna cewa 'ya'yan baƙi da aka yaye a makarantun Birtaniya, masu magana da harshen unguwa ɗaya da Turawan, su ma haɗarin faɗuwarsu ya haura ninki 3. Hujjar harshe da al'ada ba ta isa ta bayyana wannan ba. BAPIO ta sake zuwa kotu, kuma a 2014 alƙali ya ce bai sami wariyar da ta saɓa wa doka ba, amma ya ce lokaci ya yi da kwalejin da ke shirya jarrabawar za ta ɗauki mataki.

A nan ne masu saurin cewa masu jarrabawa ne kawai suke nuna son kai su ma suke tuntuɓe. Wani nazari da Katherine Woolf da abokan aikinta suka wallafa a 2011, wanda ya tattara sakamakon ɗalibai da likitoci sama da 20,000 da suka yi karatu a Birtaniya, ya sami irin wannan tazara har a jarrabawar da na'ura ke dubawa ta ba da maki, inda babu wanda ya ga fuskar ɗalibi. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin wanke tsarin daga zargi. Ni kuwa a ganina ya ƙara nauyin zargin ne, domin ya nuna cewa ɓarnar tana faruwa tun kafin ranar jarrabawa. Aikin likita sana'a ce da ake koyo a gefen gado, daga bakin na gaba. Ɗalibin da babban likita ya riƙe sunansa, ya kira shi ya riƙe masa ƙarfe a ɗakin tiyata, ya sa sunansa a takardar bincike, ya gyara masa kuskure cikin raha, zai shiga jarrabawa da abin da ba ya cikin littafi. Wanda aka shekara ana rikita sunansa da na wata 'yar'uwarsa baƙar fata a sashen, ko ba a taɓa gayyatarsa inda ake hira bayan aiki ba saboda a mashaya ake yi, zai shiga da littafi kawai. Masu uwa a gindin murhu ba a ƙasarmu kaɗai suke ba.

Inda wannan rashin gata ya fi yin illa shi ne ranar da aka yi kuskure. A 2019 GMC ta wallafa binciken da ta ɗora wa Roger Kline da Dokta Doyin Atewologun, bayan alƙalumanta sun nuna cewa asibitoci sun fi kai ƙarar likitocin da ba fararen fata ba gabanta da ninki 2, waɗanda suka yi karatu a waje kuma da ninki 2 da rabi. Abin da masu binciken suka samo ya dace da abin da kowane baƙo ya sani a jikinsa. Ɗan gida idan ya fara kauce hanya, wani zai ja shi ofis ya gaya masa gaskiya tun abin yana ƙarami. Baƙo kuwa sau da yawa ba a gaya masa, wani lokaci ma don shugaban yana tsoron kada a ce ya nuna wariya, sai a yi shiru ana tara masa laifi a fayil har ranar da za a aika da shi gaba ɗaya. Ga rashin kyakkyawar tarba a makon farko, ga tura shi asibitin da ke nesa inda zai yi aiki shi kaɗai.

Shari'ar Dokta Hadiza Bawa-Garba ce ta sa likitocin Birtaniya da yawa suka fara kallon wannan da idon gaske. Haifaffiyar Najeriya ce, Musulma mai sanya hijabi, kuma sunanta kaɗai ya isa ya gaya wa mai karatun Hausa daga inda ta fito. Amma a Jami'ar Leicester ta yi karatun likita, kuma tana cikin manyan masu neman ƙwarewa a fannin yara, ba tare da wani tabo a tarihin aikinta ba. Ranar 18 ga Fabrairu, 2011, aka kawo wani yaro ɗan shekara 6, Jack Adcock, asibitin Leicester Royal Infirmary yana amai da gudawa, kuma a daren ranar ya rasu sakamakon gubar ƙwayoyin cuta da ta shiga jininsa daga ciwon huhu. Ba ta daɗe da dawowa daga dogon hutun haihuwa ba. A ranar tana riƙe da aikin da ya kamata fiye da likita ɗaya su yi, na'urar da ke fitar da sakamakon gwajin jini ta tsaya na tsawon sa'o'i, ma'aikatan jinya ba su cika ba, babban likitan da ke kanta kuma yana wani gari har zuwa yamma. Ta yi kurakurai, kuma ba ta musa ba: an yi jinkirin duba hoton ƙirji da fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ta fahimci girman abin da gwajin jinin ya nuna ba, kuma a lokacin da ake ƙoƙarin farfaɗo da yaron ta dakatar da aikin na ɗan lokaci saboda ta ɗauke shi wani yaro ne dabam. Binciken asibitin da kansa ya lissafo gazawar tsari da dama.

A 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, aka yanke mata ɗaurin shekara 2 na jeka-ka-gyara-halinka, tare da wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Fotugal. A 2017 kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da ita na wata 12, tana mai la'akari da halin da asibitin yake ciki a ranar. GMC ba ta gamsu ba, ta ɗaukaka ƙara, kuma a Janairun 2018 babbar kotu ta ce a soke sunanta daga rajista. Likitoci suka tara mata sama da fam 300,000 ta intanet, kuma a Agustan 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin soke sunanta daga rajista. Dole a faɗi abu biyu a nan. Iyayen yaron sun rasa ɗansu a ranar da bai kamata ya mutu ba, kuma fushinsu halas ne. Sannan babu kotun da ta ce launin fatar Dokta Hadiza ya taka rawa. Amma tambayar da dubban abokan aikinta suka yi, har da Turawa, ba ta gushe ba: a ranar da gini duka ya gaza, me ya sa hukuncin ya tsaya a kan mace baƙar fata mai neman ƙwarewa da ma'aikaciyar jinya baƙuwa, bai hau sama ba? Ni ina ganin ba sai wani ya ƙi ta a zuciyarsa ba kafin hakan ta faru. Ya isa a ce ba ta da wanda zai tsaya mata tun a makon farko, lokacin da ake tsara yadda za a ba da labarin abin da ya faru.

Matsayi ma haka yake tafiya. Rahoton da NHS ta fitar a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 42 cikin 100 na likitocinta a Ingila ba fararen fata ba ne, amma a kujerun daraktocin likitoci na asibitoci kusan kashi 20 kawai suke da shi. Akwai wani babban rukuni na likitoci da ba sa cikin tsarin horon ƙwarewa, ba kuma su kai matakin babban likita mai cin gashin kansa ba, wasu a kan kwantiragin wata 6 ko shekara da asibiti ke sabuntawa yadda ya ga dama. Mafi yawansu baƙi ne. Su ne suke riƙe sashen gaggawa da dare da ranakun hutu, wani zai shekara 15 yana aikin da babban likita yake yi, yana ma koya wa yaran da za su zo su zama shugabanninsa. A 2022 binciken BBC ya nuna yadda wani kamfani ke ɗauko likitoci daga Najeriya yana tura su asibitoci masu zaman kansu, inda suke zama cikin shirin kira dare da rana na mako guda cur, abin da ba a yarda a yi wa likita a NHS ba. Kuma wannan yana faruwa ne alhali Najeriya, kamar Nijar da Gana, tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, waɗanda ƙa'idar Birtaniya ta hana a je farautar ma'aikata a cikinsu.

Annobar korona ta fito da sakamakon wannan rabon aiki a fili. Likitoci 10 na farko da aka bayyana mutuwarsu a Birtaniya a 2020 babu farar fata ɗan asalin ƙasar ko ɗaya. A cikinsu akwai Dokta Adil El Tayar da Dokta Amged El-Hawrani, 'yan asalin Sudan, da Dokta Alfa Sa'adu, ɗan Pategi a Jihar Kwara, wanda ya taɓa zama daraktan likitoci, ya yi ritaya, amma ya ci gaba da duba marasa lafiya har cutar ta kama shi yana da shekara 68. Allah ya jiƙansu. Dalilan suna da yawa, har da ciwon sukari da hawan jini da suka fi yawa a wasu al'ummomi, amma binciken ƙungiyar likitocin Birtaniya, BMA, ya nuna cewa likitocin da ba fararen fata ba sun fi jin an matsa musu su yi aiki ba da cikakkun kayan kariya ba. Wanda bizarsa take rataye a wuyan asibitin da ya ɗauke shi ba ya saurin cewa a'a.

Ba launin fata kaɗai ba ne. Mata yanzu sun kai rabin likitocin ƙasar, amma binciken da Farfesa Jane Dacre ta jagoranta a 2020 ya sami tazarar albashi ta kusan kashi 19 cikin 100 tsakanin maza da mata a likitocin asibiti, kuma a manyan likitocin tiyata mata ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ga Musulma akwai ƙarin shinge: dokar barin hannu a buɗe zuwa gwiwar hannu saboda tsafta, da rashin tsayayyar ƙa'ida kan lulluɓi a ɗakin tiyata, sun sa wasu sun haƙura da fannin gaba ɗaya. Sai a 2019 wani asibiti a Derby ya fara samar da hijabin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar, bisa shawarar wata ƙaramar likita, Farah Roslan. Matsalar da ta kori mutane shekaru ashe maganinta ɗan yadi ne. Talaka Bature ma bai tsira ba, domin majalisar makarantun likitanci ta gano a 2014 cewa kashi 80 cikin 100 na masu neman gurbi daga kashi 20 na makarantun sakandare suke fitowa, kusan rabin makarantun kuma ba sa aiko da ko mutum ɗaya.

Kada mai karatu a Kano ko Abuja ya gyaɗa kai ya ce halin Turawa ke nan. Duk alƙaluman da na kawo sun samu ne saboda a can ana ƙirgawa, ana wallafawa, ana kuma iya kai hukuma kotu a ci nasara. A Najeriya kowa ya san likitan da ya gama karatu ya zauna wata da watanni yana neman gurbin aikin shekarar farko saboda ba shi da wanda zai yi masa waya, kowa ya san jihohin da suke ɗaukar wanda ba ɗan asalin jiha ba a kwantiragi ko da a garin aka binne cibiyarsa, da matar aure da ake tambaya a wajen ganawa ko tana da niyyar haihuwa a bana. Da yawa daga cikin waɗanda suka tafi Ingila irin wannan ne ya fara korarsu, ba ƙarancin albashi kaɗai ba.

Yanzu ƙofar Birtaniya tana sake juyawa. A 2020 aka bar likitocin waje su nemi guraben horon ƙwarewa kafaɗa da kafaɗa da 'yan gida, saboda ana cikin ƙaranci. Gwamnati ta ƙara yawan ɗaliban likitanci, ta buɗe wa baƙi hanya, amma ba ta ƙara guraben horon yadda ya kamata ba, har ta kai a 2025 likitoci sama da 30,000 suna neman guraben da ba su kai 13,000 ba. A watan Yulin shekarar gwamnati ta bayyana a shirinta na lafiya na shekara 10 cewa za ta fifita waɗanda aka yaye a makarantun Birtaniya. Ba na cikin masu kiran wannan wariyar launin fata kai tsaye. Ƙasar da ta kashe kuɗin talakawanta ta horar da ɗalibi tana da hujjar ta tabbatar ya sami inda zai ci gaba, kuma ƙasashe da yawa haka suke yi. Ma'aunin kuma makaranta ce, ba fata ba, domin a ƙarƙashinsa mai irin tarihin Dokta Hadiza tana gaba, Baturen da ya je Bulgeriya ya yi karatu yana baya. Ƙasashe irin namu ma ba su da riba a tsarin da ke kwashe musu likitoci ba iyaka.

Inda na rabu da masu goyon bayan wannan shiri shi ne kan waɗanda suka riga suka shigo. Mutumin da aka buɗe wa ƙofa a 2020, ya riƙe ɗakin masu korona, ya kwaso iyalinsa daga Zariya, ya shekara 3 ko 4 yana dare a asibitin da ɗan gida ya ƙi zuwa, bai kamata a canza masa doka a tsakiyar tafiya kamar yadda aka yi wa na 2006 ba. Shekarun da ya yi a NHS su zama hujjarsa ta tsayawa a layi ɗaya da kowa. Idan kuma an ƙudura cewa sababbin zuwa ba za su sami horon ƙwarewa ba sai abin da ya rage, to a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a shafin da ake biyan kuɗin PLAB, tare da adadin waɗanda suka ci jarrabawar bara da adadin waɗanda suka sami aiki a cikinsu, domin matashin da ke shirin sayar da filin gadonsa ya yi lissafi da idonsa a buɗe. GMC ta ɗaukar wa kanta alkawari a 2021 cewa za ta kawar da bambancin kai ƙara kafin ƙarshen 2026, da bambancin sakamakon karatu da horo kafin 2031. Alkawarin nan ba zai yi ma'ana ba idan aka tara dubban baƙi a rukunin 'yan kwantiragi, inda babu jarrabawar ƙwarewa balle a auna wa ya ci wa ya faɗi, don haka dole ƙirgar ta haɗa da su, asibiti bayan asibiti, da shekarun da kowannensu ya yi a mataki ɗaya.